Persian, Siamese ko Ragdoll: wace kyanwa ce gidanka zai iya riƙewa?

Ƙanwata ce ta turo min hotuna uku da daddare, ta ce, "Yaya, zaɓar min ɗaya." Ta farko fara sol, gashi har ƙasa, fuska a taushe. Ta biyu siririya, kunnuwa a miƙe, fuska da wutsiya sun yi duhu kamar an tsoma su a toka. Ta uku ƙatuwa mai shuɗin ido, an rungume ta ta saki jiki kamar babu ƙashi a cikinta. Persian, Siamese da Ragdoll ke nan. Abin da take nema ɗaya ne: kyanwar da za ta shaƙu da ita, ta tare ta a bakin ƙofa in ta dawo daga aiki, ba irin magen gidanmu na dā ba wadda sai yunwa ke kawo ta.

Duka ukun suna da son mutane. Amma kowace da irin nata son, kuma kowace da abin da za ta ci maka na kuɗi da lokaci da kwanciyar hankali. Na yi shekaru ina riƙe da Persian, na zauna gida ɗaya da Siamese, Ragdoll kuwa a gidan wani abokina na santa. Amsar da na ba ƙanwata ce na faɗaɗa a nan.

Abin da za a auna kafin a kalli kyau

Na farko shi ne yadda kyanwar take nuna so. Wata kusa da kai take son kwanciya shiru, wata a jikinka, wata kuma sai ta yi ta yi maka magana har ka tanka. Mai neman abokiyar hira da mai neman abokiyar hutu ba kyanwa ɗaya za su saya ba.

Na biyu, wanda masu sayarwa ba sa ambata, shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu, Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan haura digiri 40. Kyanwa ba ta yin zufa a jiki irin tamu. Ɗan abin da take yi a tafin ƙafa ne, sauran sanyin kuwa daga lasar gashinta take samunsa. Saboda haka duk kyanwar da aka gyara irinta a ƙasar sanyi, ka tambayi kanka: in aka ɗauke wuta da azahar a watan Afrilu, ina za ta shiga?

Sai aikin hannu na kullum, wato tsefe da goge ido da wasa. Sai ciwon gado da tsawon rai. Sai kuɗi, tare da haɗarin a sayar maka da wata aba da sunan wata.

Akwai kuma abin da wasu za su so su warware tun kafin ciniki. A Sahihu Muslim akwai hadisin Jabir da ya tsawatar a kan kuɗin kyanwa. Mafi yawan malamai, har da na Malikiyya, sun halatta sayar da ita, suka ɗauki hadisin a matsayin kwaɗaitarwa ga a riƙa bayar da ita kyauta, wasu kuma suka tsaya a kan hani. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa tun kuɗin suna aljihu.

Persian: ita ce a kusa, ita ce kuma mai wuyar riƙo

Sunan daga Farisa yake, wato Iran ta yau. Ana danganta shigarta Turai da wani matafiyi ɗan Italiya, Pietro della Valle, wajen 1620, kuma tana cikin waɗanda aka nuna a bikin baje kolin kyanwoyi na Crystal Palace a Landan a 1871. Ta wancan zamani tana da hanci sosai. Daga tsakiyar ƙarni na 20 ne masu kiwo suka yi ta zaɓen masu gajeren hanci har fuskar ta koma a taushe. Shi ya sa yau iri biyu ne a kasuwa: mai hanci irin na dā, da mai tausasshiyar fuska. Wannan bambancin ya fi launi muhimmanci nesa ba kusa ba.

Sonta na natsuwa ne. Ba ta hawa labule, ba ta cika kuka ba, in ma ta yi, muryar ƙasa-ƙasa ce. Kana karatu za ta zo ta kwanta a gefen dardumar, ta ɗora haɓa a kan ƙafarka. Baƙi in sun cika falo sai ta sulale ƙarƙashin gado. Yara masu guje-guje da ja mata wutsiya ba su dace da ita ba, domin ba faɗa za ta yi ba, ɓuya za ta yi ta daina cin abinci.

Ga yadda safiyata take da ita. Auduga da ruwan ɗumi, a goge ƙasan kowane ido, domin gajeren hancin ya lanƙwasa hanyar da hawaye ke bi, sai ya riƙa zubowa a fuska ya bar jan tabo, in an bar shi kuma fatar wurin ta yi ciwo. Sannan mataji na ƙarfe: bayan kunne, hammata, ciki, ƙarƙashin wutsiya. Minti goma ne zuwa sha biyar, amma kullum ne. Na taɓa yin tafiyar kwana biyar na bar ta a hannun mutanen gida, suka ba ta abinci da ruwa yadda ya kamata, ba wanda ya taje ta. Da na dawo gashin hammatarta ya dunƙule ya manne da fata, tana tafiya tana ɗingishi saboda jan da yake mata. Aske shi aka yi.

Zafi kuwa shi ne babban abin tsoro. Gashi mai ninki biyu, ga hanyar numfashi ƙunƙuntacciya. Wata ranar Afrilu na same ta kwance a tayil ɗin banɗaki, baki buɗe, tana haki. Kare yakan yi haka ba komai, amma kyanwa in ta buɗe baki tana numfashi to abin ya kai. Na jiƙa tsumma da ruwan randa, ba ruwan ƙanƙara ba, na goge mata ciki da ƙafafu ina fifita, sannan na kai ta wurin likitan dabbobi. Ta tashi, alhamdu lillahi. Tun daga ranar ake rage mata gashi da shigowar bazara, kuma akwai fanka mai caji da aka ware dominta.

Ciwon gadonta na ƙoda ne. Wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa suke fitowa a cikin ƙodar tun haihuwa, su yi ta girma a hankali, sau da yawa sai ta kai shekara bakwai ko kusa da haka za a ga tana yawan shan ruwa, tana yawan fitsari, tana ramewa. In uwa ko uba ɗaya kawai na ɗauke da shi, kusan rabin 'ya'yan za su gada. Kafin a samo gwajin ƙwayar halitta a 2004, binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na Persian suna da shi. Inda ake gwada iyaye kafin a haɗa su abin ya ragu ƙwarai. Inda kuwa ake haɗa duk biyun da aka samu a bayan gida, yana nan daram. Tana kuma saurin kamuwa da makero, kuma yana tsallakawa zuwa ga yara.

Wani abu ga masu son fara mai shuɗin ido: da yawa daga cikin fararen kyanwoyi masu shuɗin ido kurame ne. Ka tafa hannu a bayanta, inda ba ta ganinka, ka ga ko kunnen zai motsa.

Wajen saye ita ce mafi sauƙin samu a Abuja da Kano da Legas, kuma farashinta ya fi na Ragdoll sauƙi. Amma kuɗin riƙonta ne ke da yawa: aski, maganin ido, wutar da za ta riƙe fanka ko na'urar sanyaya ɗaki.

Siamese: jikin ya dace da ƙasarmu, halin ne sai mai haƙuri

Wannan 'yar ƙasar zafi ce. Daga Siyam take, Tailan ta yau, kuma akwai zanenta a tsofaffin rubuce-rubucen ƙasar. A 1878 ƙaramin jakadan Amurka a Bankok ya aika da ɗaya fadar shugaba Rutherford Hayes, a 1884 kuma aka kai mace da namiji Ingila, daga nan ta bazu.

Gashinta gajere ne a kwance, ba shi da ninki. Shafa ta da hannu ko ɗan buroshi sau ɗaya a mako ya isa. Launinta ma zafi ne ke juya shi: ana haihuwarta fara, sannan wuraren da suka fi sanyi a jiki, kunne da fuska da ƙafa da wutsiya, su yi duhu. Don haka wadda ta tashi a Sakkwato za ta fi 'yar'uwarta ta Jos haske. Kada ka ga tata ba ta kai ta hoto duhu ba ka ce an cuce ka.

Sonta ba na kwanciya a gefe ba ne. Mutum ɗaya take zaɓa ta manne masa. Wadda na zauna da ita takan bi mai ita har ƙofar banɗaki ta tsaya tana kira, in ya fito ta haye kafaɗarsa. Tana buɗe ƙofar kabad, tana ɗauko abin da aka jefa mata ta dawo da shi. Muryarta kuma babba ce, mai kaushi, wani lokaci sai ka rantse jariri ne ke kuka. In mace ce ba a yi mata aikin hana haihuwa ba, ranar da ta shiga neman muzuru maƙwabta ma ba za su yi barci ba. Wanda yake gidan haya mai ɗakuna a jere ya yi tunani a nan.

Kaɗaici yana yi mata illa ta gaske. In aka bar ta ita kaɗai tun safe har magariba, wata za ta lashe gashin cikinta har ya zube, wata ta koma tauna bargo da safa tana haɗiye zaren, abin da kan toshe hanji har ya kai ga tiyata. Maganinsa ko a samu mutum a gida, ko a ɗauki biyu.

Ta fannin lafiya, tana cikin waɗanda asma ta fi kamawa. A gidajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ga turaren wuta safe da yamma, ga hayaƙin maganin sauro, ga ƙurar hunturu. In ka ga ta durƙusa ta miƙe wuya tana tari kamar za ta yi amai ba abin da ya fito, likita za ka nufa. Akwai kuma ciwon dasashi, da wani ciwon ido na gado mai dusashe gani a hankali, wanda ake iya gwada iyaye a kansa. Harararren ido da lanƙwasar wutsiya da ake gani a wasunsu tsohon gado ne, ba ya hana su komai.

Ba ta kai Persian yawa a kasuwa ba, kuma yawancin waɗanda za ka gani ruwa biyu ne. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, muddin an faɗa maka gaskiya kuma kuɗin ya yi daidai da gaskiyar.

Ragdoll: kyanwar Lami

Sabuwar iri ce. Wata mata mai suna Ann Baker ce ta fara kiwonta a Riverside ta jihar Kalifoniya cikin shekarun 1960, daga 'ya'yan wata farar kyanwa mai dogon gashi da ake kira Josephine. Ma'anar sunan 'yar tsanar tsumma, saboda yadda take sakin jiki in an ɗauke ta. Ƙatuwa ce: muzurun yakan kai kilo 7 zuwa 9, macen 4 da rabi zuwa 7, kuma ba ta gama girma sai ta shekara uku zuwa huɗu.

In so ake magana zalla, ita ce ta fi sauƙin zama da kowa. Ba ta da hayaniyar Siamese, ba ta da gudun mutane irin na Persian. Na ga 'yar abokina mai shekara huɗu ta ɗauke ta kamar goyo tana zagaya falo, kyanwar ko motsi. Ba cizo, ba yakushi. Sai dai wannan sanyin halin shi ne rauninta. An daɗe ana yaɗa cewa ba ta jin ciwo, kuma ƙarya ne, tana ji sarai, ba ta dai ramawa ne. Dole babba ya sa ido a kan yara. Kuma ba a barinta ta fita: ba ta san gudun kare ba, ba ta san muzurun unguwa ba, duk wanda ya miƙa hannu kuma za ta bi shi. Gidan da ƙofar zaure take buɗe wuni guda ba nata ba ne.

Gashinta dogo ne amma ninkin ciki kaɗan ne, don haka tsefe sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Tana da hanci, numfashinta lafiya lau, saboda haka ta fi Persian jure zafi, amma girman jiki da gashi sun sa ita ma sai da ɗaki mai sanyi. Cinta kuma daidai girmanta.

Ciwon gadonta na zuciya ne: naman zuciyar yake kauri har ya kasa tura jini. Yakan ɓuya ba alama, sai a wayi gari ƙafafun baya sun shanye, ko ta faɗi matacciya tana da ƙuruciyarta. Akwai gwajin ƙwayar halitta na musamman ga wannan iri, kuma duk mai kiwo na ƙwarai zai nuna maka sakamakon iyayen ba sai ka roƙa ba.

A Amurka ma 'yar Ragdoll mai takarda takan haura dala 1,000. Ƙara kuɗin jirgi da takardun shigo da dabba. Saboda haka in wani ya tallata maka Ragdoll a farashin Persian, ka tsaya. Akwai Persian mai launin Siamese da shuɗin ido, ana ce mata Himalayan, kuma a hoto tana ruɗar wanda bai sani ba. In ka saye ta da sunan Ragdoll, aikin Persian ka kai gida. Ta gaskiya tana da takardar rajista daga ƙungiya irin TICA ko CFA, da sunayen iyaye da kakanni a jiki.

A jere

| Ma'auni | Persian | Siamese | Ragdoll |
|---|---|---|---|
| Irin son | Kwanciya kusa, shiru | Mannewa da surutu | Sakin jiki a hannu |
| Nauyi | Kilo 3 zuwa 5 da rabi | Kilo 3 zuwa 5 | Kilo 4 da rabi zuwa 9 |
| Jure zafi | Mafi rauni | Mafi ƙarfi | Tsaka-tsaki |
| Tsefe | Kullum, da goge ido | Sau ɗaya a mako | Sau biyu ko uku a mako |
| Zama ita kaɗai | Tana iyawa | Ba ta iyawa | Na ɗan lokaci |
| Ciwon gado | Ƙoda, numfashi | Asma, ido, dasashi | Zuciya |
| Matsakaicin rai a Birtaniya | Shekara 10.9 | Shekara 11.7 | Shekara 10.3 |
| Kuɗin saye | Tsaka-tsaki | Mafi sauƙi | Mafi tsada |
| Haɗarin jabu | Kaɗan | Ruwa biyu da yawa | Babba |

Alƙaluman tsawon rai daga binciken da kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan ta fitar a 2024 suke, a kan kyanwoyi kusan 8,000. A cikin binciken nan, kyanwa gama-gari wadda ba ta da takarda ta samu shekara 11.9, wato ta wuce duka ukun. Na kawo wannan ne domin magen unguwa da aka yi rainonta tun tana 'yar mako biyu zuwa bakwai a hannun mutane, ana ɗaukarta ana shafa ta, takan tashi da shaƙuwar da ba ta gaza ta waɗannan ba, kuma kyauta ake bayar da ita.

Abin da ke kan kowa, ko wace ka ɗauka

Kada ka karɓi 'yar kyanwa kafin ta cika mako 12 a wurin uwarta, kuma kada ka yi cinikin biri a sama: je ka ga uwar, ka ga ɗakin da suke kwana. Riga-kafi yana farawa wajen mako takwas, a maimaita bayan mako uku zuwa huɗu har ta kai mako 16, sannan allurar ciwon haukan kare, wanda yake nan a ƙasarmu kuma kyanwa ma tana ɗauka. Maganin tsutsar ciki da na ƙuma a kai a kai. Fiɗiya ko aikin hana haihuwa wajen wata biyar zuwa shida. Wanda yake kusa da Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri yana da asibitin koyarwa na dabbobi a jami'a.

Abubuwan da suka fi kashe su a gidajenmu ba ciwon gado ba ne. Farasitamol ƙwaya ɗaya yana iya kashe kyanwa, kada a ba ta ko kaɗan. Maganin kaska na kare, musamman mai sinadarin permethrin, guba ne a jikinta. Haka fiya-fiya da shinkafar ɓera, har ɓeran da ya ci ya mutu. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, don haka ragowar miya ba abincinta ba ne, tuwo da shinkafa kuma ba sa riƙe ta, nama take buƙata. Madarar shanu tana sa yawancinsu gudawa. Mai juna biyu kuma ta bar wa wani kwashe yashin da kyanwar ke bayan gida a ciki, a riƙa kwashewa kullum.

Wa ya dace da wace

In gidanka shiru ne, akwai wanda yake zaune wuni, kuma kana da wutar da ba ta yankewa a bazara, Persian za ta yi maka. Amma ka nemi mai hanci, ka bar mai tausasshiyar fuska komai kyanta a hoto. Dattijuwa mai son abin da zai kwanta kusa da ita, in akwai jika mai tsefe, nan ne wurinta. Mazauna Jos da Mambila sun fi kowa samun sauƙi da ita.

In kana da yara ƙanana, gida a rufe, ɗaki mai sanyi, da kuɗin da za ka sayi ta gaskiya da takardar gwajin zuciya, Ragdoll ce. In ɗaya daga cikin ukun ƙarshen nan ya ɓace, ka haƙura.

In wuta ba tabbas, garinku na zafi, ba ka da lokacin mataji amma kana da lokacin wasa, kuma surutu ba ya damunka, Siamese. A ganina ita ce ta fi dacewa da yawancin gidajen Arewa, sharaɗin dai a rage turare a ɗakin da take kwana.

Ƙanwata tana fita bakwai na safe ta dawo biyar na yamma, solar ɗinta fanka kawai take ja, kuma a bene take ita kaɗai. Na ce ta cire Persian saboda zafi, ta cire Ragdoll saboda wanda ya turo mata hoton ya kasa nuna takarda. Siamese ta rage, na ce amma biyu za ta ɗauka, 'yan uwa ɗaya. Ta ce kuɗin ɗaya gare ta. Sai muka shirya ta ɗauki ɗayar, ta haɗa ta da wata 'yar mage mai ruwan toka da aka haifa a gidan maƙwabtanmu wata ɗaya da ita, a kai su riga-kafi rana ɗaya.